Yadda za ka karanta sanarwar Babban Banki kafin ka ci bashi ko ka tara hatsi

Kusan duk bayan wata biyu, kwamitin da ke tsara manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya yakan zauna kwana biyu a Abuja, a rana ta biyu gwamnan bankin ya fito ya karanta abin da aka yanke. Mutum goma sha biyu doka ta tanadar wa kwamitin, kowa da ƙuri'arsa. Gidajen rediyo lamba ɗaya suke ɗauka daga ciki, su ce an ƙara kuɗin ruwa, ko an rage, ko an bar shi yadda yake, shi ke nan a wuce zuwa labarin wasanni. Alhali lambobi huɗu ne a cikin sanarwar, kuma wadda aka fi yayatawa ba kullum ita ce ta fi taɓa aljihun ɗan kasuwa ba.

Na yi shekaru ina aikin lissafi a reshen wani banki a nan Katsina kafin in koma sana'ar gidanmu ta hatsi, don haka na ga abin ta fuska biyu. Abin da zan nuna maka shi ne yadda nake bin sanarwar, da abin da nake yi bayan na karanta ta.

Fara da sanin inda kuɗin banki yake kwana

Yawancin mutane sun ɗauka kuɗin da suka ajiye yana nan cikin ɗakin ƙarfen reshen da suka kai shi. Abin da ke cikin wannan ɗaki kaɗan ne, na biyan masu zuwa cirar tsabar kuɗi. Kowane banki yana da nasa asusun a Babban Banki, kamar yadda kai kake da naka a wurinsa. Idan wani Alhaji a Funtuwa ya tura wa dillalin shanu a Mai'aduwa naira miliyan biyar, kuma bankinsu ba ɗaya ba ne, dillalin zai ga saƙo a wayarsa nan take. Amma a bayan fage sai an cire wannan miliyan biyar daga asusun bankin Alhaji da ke Babban Banki an zuba a asusun bankin dillali. Miliyoyin irin wannan turawa ke faruwa kullum. Da yamma wani banki zai tarar asusunsa ya cika ya tumbatsa, wani kuma ya tarar bai kai abin da ake bukata ba.

Wanda ya gaza sai ya ranta daga wanda ya yi rara, rancen kwana ɗaya, gobe ya mayar da ɗan ƙari. Farashin wannan rance na dare ɗaya shi ne tushen duk wani kuɗin ruwa a ƙasar nan. Babban Banki ba ya zuwa reshen da ke kan titin IBB ya ce wa manaja ga abin da za ka caji Malam wane. Yawan kuɗin da ke cikin waɗancan asusun yake sarrafawa, da farashin da bankuna ke rantar wa juna, sauran kuma su biyo baya da kansu. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin ba zai yi maka wuya ba.

Lambar da rediyo ke faɗa

A sanarwar za ka ga an rubuta MPR. Shi ne ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki, an fara amfani da shi a ƙarshen 2006 zamanin Charles Soludo. Daga Satumban 2020 zuwa Mayun 2022 yana kan kashi 11.5 cikin ɗari. Daga nan ya riƙa hawa har ya kai 18.75 a Yulin 2023. A zaman farko da Olayemi Cardoso ya jagoranta, a Fabrairun 2024, aka ɗaga shi zuwa 22.75 lokaci guda, aka ci gaba da ƙari har ya tsaya a 27.5 a Nuwamban 2024. Sai a Satumban 2025 aka rage rabin maki, ya koma 27.

Wannan lambar alama ce ta inda kwamitin ya dosa. Ba ita za a caje ka ba idan ka je neman rance, naka zai ɗara ta, sau da yawa da nisa. Abin da nake dubawa a kanta abu biyu ne kawai: wace hanya ta nufa, kuma da wane sauri. Ƙarin maki huɗu a zama ɗaya yana nuna hankalin kwamitin ya tashi. Ragin rabin maki yana nuna suna gwada ƙafa ne, ba su sakankance ba tukuna.

Ajiyar dole, wadda nake so ka fi zuba wa ido

Lamba ta biyu ita ce CRR, wato kason da doka ta tilasta wa kowane banki ya bari a Babban Banki daga cikin kuɗin da jama'a suka ajiye a wurinsa. Kuɗin na banki ne, amma ba ya iya taɓa shi, kuma ba a biyan sa ko kwabo a kai. Kamar hatsinka ne a cikin rumbu, ga shi naka, amma mabuɗin yana hannun wani.

A Janairun 2020 an ɗaga wannan kaso daga 22.5 zuwa 27.5. A Satumban 2022 ya koma 32.5, a Fabrairun 2024 ya yi tsalle zuwa 45, a Satumban 2024 ya kai 50. Rabin duk abin da aka ajiye ke nan. A Satumban 2025 aka sauko da shi zuwa 45 ga bankunan kasuwanci.

Ɗauki biro mu yi lissafin tare, don a nan ne amsar tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini take: me ya sa banki ke ba mai ajiya kaɗan, ya caji mai rance da yawa haka? A ce ka ajiye naira miliyan ɗaya, banki yana ba ka kashi 8 a shekara, wato naira 80,000. Idan ajiyar dole tana kan 45, naira 450,000 ta tafi Babban Banki ta kwanta. Saura 550,000 ne zai yi aiki, kuma daga cikinsa za a fitar da waccan 80,000. Raba 80,000 da 550,000, za ka samu kusan kashi 14.5. Wato tun kafin banki ya biya albashi, ya sayi man janareta, ya biya kuɗin inshorar ajiya, ya ware na bashin da ba zai dawo ba, kuɗin da ka ba shi a kan 8 ya riga ya tsaya masa a 14.5. Idan kason 50 ne, ya zama 16. Ban faɗi haka don in wanke bankuna ba, ribar da suke bayyanawa duk shekara ta nuna ba su cikin wahala. Na faɗa ne don ka gane cewa idan aka ƙara ajiyar dole, rance zai yi tsada kuma zai yi wuyar samu ko da ba a taɓa MPR ba. Kuma wanda ake fara rufe wa ƙofa shi ne ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da takardar mallakar fili a GRA da zai ajiye jingina.

Don ka san girman abin, a Amurka babban bankinsu ya mayar da wannan kaso sifili tun Maris ɗin 2020, yana sarrafa kasuwa ne ta hanyar biyan bankuna ruwa a kan abin da suka ajiye a wurinsa. A ƙasashen Turai masu amfani da yuro kashi 1 ne. Namu ya kai nan ne saboda kuɗi sun yi yawa a hannun bankuna, kuma babban dalili shi ne rancen da Babban Banki ya riƙa bai wa gwamnatin tarayya kai tsaye. Dokar bankin ta 2007 ta ce kada wannan rance ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma sai da ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon wa'adi a 2023. Kuɗin da aka ƙirƙira haka ba ya ɓacewa. Yana shiga asusun 'yan kwangila da ma'aikata, ya koma bankuna, wani sashe ya fita neman dala. Ajiyar dole ita ce hanyar da aka bi don a kulle wani ɓangare nasa. A ganina an yi ɓarna a sama, aka zo ana karɓar diyyarta daga mai neman rancen miliyan biyu ya ƙara kaya a shago, kuma wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Akwai wani ƙarin da aka yi a Satumban 2025 da ya shafi jihohi: kuɗin gwamnati da ke ajiye a bankunan kasuwanci, wanda bai shiga asusun bai-ɗaya ba, an sa masa ajiyar dole ta kashi 75. Asusun bai-ɗaya shi ne wanda gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta tilasta aiki da shi a 2015, aka kwashe kuɗin ma'aikatun tarayya daga bankuna aka mayar Babban Banki. Waɗanda suka yi aikin banki a lokacin ba za su manta yadda aka riƙa tura ma'aikata kasuwa-kasuwa neman masu buɗe asusu ba.

Rufi da daɓe

Lamba ta uku ita ce wadda kusan ba wanda ke karantawa. Za ka gan ta kamar haka: +250/-250, ko +500/-100. Kowane ɗari maki ɗaya ne. Ta farko tana nuna abin da Babban Banki zai caji bankin da ya rasa mai ranta masa ya zo wurinsa da daddare, wato MPR a haɗa da ita. Ta biyu tana nuna abin da zai biya bankin da ya kawo rararsa ya kwantar, wato MPR a debe ta. Ba bankin da zai ranta daga ɗan'uwansa sama da farashin farko, tunda ga Babban Banki nan, kuma ba wanda zai rantar ƙasa da na biyu. Tsakanin rufin nan da daɓen nan kasuwa take yawo.

Ga dalilin da ya sa nake cewa ka duba ta. A Satumban 2025 MPR yana 27, tazarar tana +250/-250, wato rufi 29.5, daɓe 24.5. A zaman Nuwamban 2025 aka bar MPR a 27, labarai suka ce ba a canza komai ba. Amma an mayar da tazarar +50/-450, rufi ya sauko 27.5, daɓe ya sauko 22.5. Maki biyu cur aka rage. Kuma a lokacin da kuɗi suka yi yawa a hannun bankuna, kasuwa a kan daɓe take zama, don haka wannan lambar ta ƙasa ita ce farashin gaskiya. Wanda ya tsaya a kanun labari bai san an sassauta ba.

Lamba ta huɗu ba sai mun daɗe a kanta ba. Ita ce kason kadarorin da banki zai riƙe waɗanda za a iya mayarwa tsabar kuɗi da sauri, ta daɗe a kan kashi 30. Idan ka ga an taɓa ta, to lallai akwai magana.

Tsakanin zama da zama kuma Babban Banki ba ya barci. Duk wata idan aka raba kason tarayya ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuɗi sukan malalo cikin bankuna, farashin rancen dare ya faɗi. Sai Babban Banki ya fito da takardunsa na lamuni ya sayar wa bankuna da manyan masu zuba jari, ya janye kuɗin zuwa wani wa'adi. Wannan shi ake kira OMO a shafukan kasuwanci. Idan yana son ya saki kuɗi, sai ya bar takardun da wa'adinsu ya cika a biya su ba tare da ya sayar da sababbi ba.

Abin da za ka yi bayan ka karanta

Idan kana da rance a banki, ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka nemi layin da ke maganar kuɗin ruwa. Mafi yawansu suna ɗauke da sharaɗin cewa banki na iya canza shi gwargwadon yanayin kasuwa. Ranar da aka ƙara, saƙo zai iso maka cikin 'yan kwanaki. Ranar da aka rage, ba lallai kowa ya neme ka ba. Kai za ka je ka samu jami'in da ke kula da asusunka, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, an rage a sama, nawa ya koma nawa?" Ka rubuta a takarda, ka riƙe kwafi. Wanda ke biya a kan lokaci yana da bakin magana fiye da yadda yake zato.

Idan asusun ajiya gare ka, ƙa'idar Babban Banki ita ce kada abin da za a ba ka ya gaza kashi 30 na MPR. Da MPR yana 27.5, mafi ƙaranci 8.25 ke nan a shekara. Amma idan ka cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, na wannan watan ya faɗi. Sai ka ɗora wannan lamba kusa da ta hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa a tsakiyar kowane wata. A Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8. Mai ajiyar da aka ba 8.25 a wancan lokacin, kuɗinsa ya ƙaru a takarda, amma abin da zai saya da shi a kasuwar Charanci ya ragu sosai. Ka lura kuma, a farkon 2025 hukumar ta sabunta ma'aunin lissafinta, lambar ta koma 24.48 a Janairu. Canjin ma'auni ne, ba faɗuwar farashi ba, kada ka gwama lambobin kafin da na bayan kamar abu ɗaya ne.

Ga 'yan'uwana masu tara hatsi da kaka su sayar da bazara, a nan nake so mu yi wa kanmu gaskiya. A ce, don misali kawai, ka sayi masara buhu ɗari a Dandume a kan naira 40,000 kowane buhu da kuɗin rance, miliyan huɗu ke nan, a kan kashi 30 a shekara. Wata shida zai ci naira 600,000, wato 6,000 a kan kowane buhu. Ka ƙara kuɗin mota, da 'yan dako, da hayar sito, da maganin ƙwari, da ramewar da hatsi ke yi idan ya bushe. Idan bazara ta zo buhu bai haura 50,000 ba, wahalar banza ka sha. Ko da kuɗinka ne ba na rance ba, lissafin bai canza ba, domin wannan miliyan huɗu da ta yi wani aikin a wata shidan. Shekarun da farashi ke ninkawa sun sa mutane da yawa sun daina wannan lissafi. Sai ga shi gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya karye a 2025, waɗanda suka cika sito da kuɗin mutane suka shiga halin da ba na yi wa kowa fatansa. Na san magidanta masu mutunci da sai da suka sayar da filaye. Lokacin da kuɗin ruwa ke sama, riƙe kaya yana da tsada, juya su da sauri a ƙaramar riba ya fi.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba sa karɓar ruwa kuma ba sa bayarwa, saboda haramcin riba a addininmu a fili yake. Duk da haka sanarwar ta shafe ka. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, su ma suna ƙarƙashin Babban Banki, suna da asusu a can, kuma a kasuwa ɗaya suke neman masu ajiya. Idan suka saya maka kaya suka sayar maka da riba ta hanyar murabaha, ribar da za su ɗora tana kallon yadda kuɗi ke tsada a gari. Bambancin da ke da amfani a gare ka shi ne, da zarar an ƙulla cinikin farashi ya tsaya, ba a ƙara maka a tsakiya. Don haka ƙulla murabaha mai dogon wa'adi a lokacin da kuɗi ke kan ganiyar tsada yana nufin za ka ci gaba da biyan wannan tsadar ko bayan an sassauta. Ga mai neman inda zai sa rararsa kuma, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da ba ta da ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Kafin ka shiga ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa a fannin mu'amala.

Masu harka da Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Kwangwalam, ku kuma abin da ya fi shafar ku shi ne canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka duk motsin da kuka gani tsakaninta da naira, ko dai naira ce ta motsa ko yuro. Ɗaya daga cikin manyan dalilan ɗaga kuɗin ruwa a 2024 shi ne a sa riƙe naira ya fi riƙe dala riba, bayan an saki farashin canji a Yunin 2023. Idan ka ga ana sassautawa da sauri alhali farashin kaya bai lafa ba, kada ka bar bashin sefa a kanka ya daɗe.

Akwai kuma abin da sanarwar ba za ta iya ba, ya kamata ka sani don kada ka jira ta a inda ba za ta zo ba. Tsadar gero da dawa a jihar nan tana da alaƙa da gonakin da aka daina nomawa a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari saboda 'yan bindiga, da rufe iyakar Nijar a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023, da cire tallafin man fetur da ya ninka kuɗin mota. Ba adadin ajiyar dole da zai mayar da manomi gonarsa. Abin da Babban Banki ke iyawa shi ne ya hana yawan kuɗi ƙara wa wutar fetur, kuma ko wannan yakan ɗauki watanni kafin a gan shi a kasuwa.

Cikakkiyar sanarwar tana fitowa a shafin intanet na Babban Banki a ranar da aka karanta ta, da Turanci, kuma lambobin huɗu suna jere a wuri ɗaya ƙarƙashin hukuncin kwamiti. Ka samu littafi ka riƙa rubuta su duk zama, da kwanan wata, da lambar hauhawar farashi ta watan, da farashin buhun abin da kake sayarwa a ranar. Bayan 'yan makonni kuma bankin yakan wallafa bayanin da kowane ɗan kwamiti ya rubuta da sunansa, da dalilin ƙuri'arsa. Idan aka bar MPR yadda yake amma ka ga mutum uku ko huɗu sun nemi a rage, to ka sa ran ragin a zama na gaba ko na bayansa, kuma idan rancen da kake shirin ci zai iya jira wata biyu, ka bar shi ya jira.